Wutar Aro da Wutar Kai: Waiwaye kan Tarihin Lantarki a Ƙasar Arewa

Gabatarwa

A farkon watan Agusta na shekarar 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, domin zartar da takunkumin ƙungiyar CEDEAO. A lokacin, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC yake rarrabawa daga can take zuwa. Birane suka koma rabon wuta unguwa-unguwa, masu walda suka zauna, masu sayar da ƙanƙara suka tafka asara. Amma a ƙauyuka da dama na ƙasar Arewa, a rediyo kawai aka ji labarin katsewar, domin wayar da aka katse ba ta taɓa isowa gare su ba. Ƙwan fitilar da ke rataye a rumfar mai shayi bai ko ƙifta ba, saboda abincinsa daga ɗan farantin hasken rana da aka ɗora bisa jinka yake zuwa.

A ƙasashe da yawa ana muhawara a kan ko ya dace hukuma ta sakar wa gidaje da masana'antu mara su samar wa kansu wuta idan ta gwamnati ta gaza. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan batu a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, ta nuna cewa a nan jama'a ce ta riga doka, doka ta biyo sawu daga baya, sa'an nan ta duba abin da izinin ya warware da abin da ya bari.

Ƙasar da ake magana a kanta

Arewar da muke nufi ita ce ƙasar Arawa da Gubawa, waɗanda maƙwabta da littattafan Turawa suke kira Mawri. Tana cikin jihar Dosso, ta shimfiɗu a bisa tsohon kwarin nan na Dallol Mawri, ta yi iyaka da Najeriya ta gabas. A cikinta ake samun Lugu, mazaunin Sarauniya, da Bagaji na Baura, da Matankari, da Tibiri ta Samna. A shekarar 2011 aka cire Tibiri daga Dogon Dutsi ta zama gunduma mai cin gashin kanta, tare da Dumega da Kore Mairuwa da Geceme. Abu biyu na wannan shimfiɗa za su yi ta dawowa a cikin bayaninmu: kusancin iyaka, wadda ta nan kaya da mai suke shigowa, da kusancin ruwan ƙasa a cikin kwari, wanda ya sa noman rani ya zama abin dogaro.

Zamanin da wuta ta kowa ce

Kafin zuwan Turawa, kowane gida shi ne mai samar da wutarsa. Akwai ƙyastu da ƙanƙara, akwai garwashin da ake binnewa cikin toka ya kwana. Wadda wutarta ta mutu sai ta aiki yarinya da tsingaro ta ɗebo a maƙwabta, kuma ba a taɓa jin an sayar da garwashi ba. Hasken dare kuwa fitilar ƙasa ce mai lagwanin auduga da man gyaɗa ko na kaɗanya, ga wanda ya samu. Almajirai su kan yini tara kara, da dare a hura, a kewaye ta da alluna. Maƙeri, wanda shi ne babban mai masana'antar wancan zamani, da gawayinsa da zugazuginsa yake narka tama, ya fitar da hauya da gatari.

Wannan tsari yana da tushe a al'ada da addini. Malamai suna kawo hadisin da ya lissafa ruwa da makiyaya da wuta a cikin abubuwan da jama'a ke tarayya a kansu. Saboda haka mutumin Arewa ya tashi da sanin cewa hura wuta ba ya bukatar iznin kowa, hana ta maƙwabci kuma abin kunya ne. Kananzir da aci-balbal da fitilar ƙwai da tocila, waɗanda suka shigo a zamanin mulkin mallaka, sun sauya abin da ake ƙonawa, sun kuma shigar da kuɗi cikin sha'anin haske, amma ba su raba gida da ikon fitilarsa ba.

Wutar hukuma

Lantarki shi ne ya zo da sabuwar ƙa'ida. Faransawa, waɗanda ayarin sojansu ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ƙone Lugu a watan Afrilu na 1899, sun yi shekaru sittin suna mulki ba tare da sun damu da haskaka karkara ba. Yamai kanta sai a farkon shekarun 1950 ta sami tsarin lantarki na gari, shi ma domin ofisoshi da unguwar ma'aikata. Bayan samun ƴancin kai, aka kafa NIGELEC a shekarar 1968, aka damƙa masa samar da wuta da jigilarta da rarraba ta. Tunanin wancan zamani, a Afirka da Turai baki ɗaya, shi ne lantarki aikin gwamnati ne kamar gidan waya da hanyar mota: babbar tasha guda, dogayen wayoyi, kamfani ɗaya.

A wannan shekara ta 1968 ne Najeriya ta kammala madatsar ruwan Kainji a kan kogin Kwara. A 1976 aka fara aiki da layin da ya taso daga Birnin Kebbi ya ratsa jihar Dosso ya isa Yamai, mai ƙarfin kilobolt 132. A 1994 aka ƙara wani daga Katsina zuwa Gazawa, domin Maraɗi da Damagaram. Wutar ta zo da araha ƙwarai idan aka gwada da ta injin gas, kuma jami'an Najeriya sun sha faɗin cewa suna bayar da ita ne don kada Nijar ta datse kogin daga sama. A arewacin ƙasa kuwa, kamfanin SONICHAR ya fara ƙona kwal ɗin Anu Araren a 1981, galibi domin ma'adinan uraniyum da garuruwan jihar Agadas.

Arahar nan ta yi rana, amma ta zo da lahani biyu. Na farko, ta sanyaya gwiwar gina tashoshin gida. Madatsar Kandaji, wadda ake maganarta tun shekarun 1970, sai a 2008 shugaba Tandja Mamadou ya aza tubalinta, aka sake tayar da aikin a 2019. Na biyu, waya tana bin inda jama'a ta taru da inda kuɗi yake. Ja da layi kilomita talatin zuwa ƙauye mai gidaje ɗari, waɗanda kowanensu ƙwai biyu zai kunna, ba ciniki ba ne ga kowane kamfani. Sai ya zama manyan garuruwa da na bakin kwalta sun samu, ƙauyukan tudu da na lungun kwari suna hangen haske daga nesa. Har zuwa 2022, alƙaluman Bankin Duniya sun nuna kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne yake da lantarki a Nijar, rabon karkara kuma ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Waɗanda suka samu ma ba su kwana da ido biyu rufe ba. Kowace bazara, daga Maris zuwa Mayu, idan zafi ya haura digiri 40 bukata ta ƙaru, sai ɗaukewar wuta ta zama abincin yau da gobe. A ƙarshen watan Mayu na 2013 iska ta kayar da turakun layin Birnin Kebbi, yammacin ƙasar ya yi makonni cikin ƙunci. Hausawa sun riga sun faɗa: zanen aro ba ya rufe katara.

Hanyar da aka nuna tun da wuri

Ya kamata malaman makaranta su san cewa ba daga waje aka fara kawo mana tunanin wutar kai ba. A 1965 Nijar ta kafa hukumar binciken makamashin rana, ONERSOL. Daga 1969 Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, ya shugabance ta. Shi ne marubucin littafin nan na 1964 a kan ilimi a Afirka, wanda ya yi kira da a koyar da yara cikin harsunansu, kuma sunansa jami'ar Yamai take ɗauke da shi. A ƙarƙashinsa aka ƙera na'urorin dafa ruwa da murahu da injuna masu aiki da zafin rana. Tun a 1968 ma an gwada kunna talabijin ɗin koyarwa da farantin hasken rana a wata makaranta kusa da Yamai, abin da ya sa ake ambaton Nijar a cikin ƙasashen farko da suka kai wannan fasaha aji.

Hujjarsa a fili take. Kowace murabba'in mita ta ƙasar Nijar tana karɓar hasken da ya kai kilowat-awa 5 zuwa 7 a yini, kuma rana ba ta bin waya, ba ta tsayawa a kan iyaka. Sai dai farantin wancan zamani tsadarsa ta fi ƙarfin talaka, wutar Kainji kuma ta fi araha. Abdou Moumouni ya rasu a 1991 bai ga ranar da tunaninsa zai hau jinkar ƙauye ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Zamanin inji

Kafin rana ta yi araha, inji ne ya cike giɓi. Tashar makamashi ta farko da ƙauyukan Arewa suka sani ita ce injin niƙa mai shan gas, wanda ya rage wa mata wahalar turmi da dutsen niƙa. Ba wanda ya tafi Yamai neman takarda kafin ya tayar da shi. Bayansa sai injin ban-ruwa ya shiga fadamu, ya maye gurbin guga da wasaki a garaken albasa da tumatir da dankalin turawa, irin waɗanda suka kewaye Tapkin Saw a Dogon Dutsi. Sa'an nan janareto, wanda a nan muke kira gurup, ya zo wa mai walda da mai aski da mai gidan kallo.

Iyaka ce ta ciyar da wannan zamani. A Najeriya gazawar kamfanin NEPA ta mai da janareto tamkar kayan ɗaki, har ƙaraminsa ya sami laƙabi da Turancin kasuwa mai ma'anar "na fi maƙwabcina". Ta kasuwannin Kebbi da Sakkwato injunan suka riƙa tsallakowa, tare da kayan gyaransu da masu gyaransu. Man da suke sha kuma shi ne na kwalba, wanda aka fi sani da ruwa-ruwa, mai arahar da tallafin gwamnatin Najeriya ya jawo. Ko bayan buɗe matatar SORAZ a Damagaram a 2011, man kwalba bai bar bakin hanya ba.

Shigowar wayar salula a farkon shekarun 2000 ta sauya lissafi. A da, ƙauye yana iya rayuwa ba lantarki. Amma da ɗan ci-rani a Legas ko Kwatano ko Libiya ya fara kira gida yana aiko da kuɗi, sai cajin waya ya zama larura. Aka sami sabuwar sana'a: saurayi da ƙaramin gurup da katako mai ramukan caji jere, yana karɓar ƴan kuɗi kaɗan kan kowace waya. Idan aka duba da kyau, wannan saurayi kamfanin lantarki ne ƙarami, yana samarwa yana sayarwa.

Mai karatu zai lura cewa wannan ƴanci rabi ne. An tsira daga wayar aro, an faɗa ga man aro. A 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, ta kuma hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A ranar 29 ga Mayu 2023 shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin fetur, farashi ya yi tashin gwauron zabo. A watan Maris na 2025 Nijar kanta ta yi fama da ƙarancin mai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya kashe injin da ke bakin rijiya.

Doka ta biyo sawu

A ɓangaren hukuma, sauyi ya zo sannu a hankali. An yi dokar lantarki a 2003. A 2013 aka kafa ANPER, hukumar kai wuta karkara, a 2015 kuma ARSE, mai sa ido kan harkar makamashi. Babban mataki shi ne dokar lantarki ta 17 ga Mayu 2016, wadda ta buɗe wa kamfanoni masu zaman kansu ƙofar samar da wuta, ta kuma fayyace matsayin mai samar wa kansa: mutum yana da damar kafa na'urar da zai yi amfani da ita, idan ƙarfinta ya yi yawa sai ya nemi izni. Sayar wa jama'a kuwa dokar ta bar shi a matsayin aikin hukuma, wanda take damƙa wa wanda ta amince da shi bisa yarjejeniya. A 2017 aka yafe harajin shigo da wasu kayan hasken rana, aka kuma fara shirin NESAP da tallafin Bankin Duniya. A 2021 wani shirin ya biyo baya, wanda aka raɗa wa sunan Hausa, Haske.

Ba Nijar kaɗai ta bi wannan hanya ba, kuma kusan ko'ina duhu ne ya tilasta. Afirka ta Kudu, da kamfanin Eskom ya kasa, ta ɗaga iyakar abin da ɗan kasuwa zai samar ba lasisi daga megawat 1 zuwa 100 a 2021, daga baya ta cire iyakar gaba ɗaya. Najeriya ta yi sabuwar dokar lantarki a 2023, wadda ta ba jihohi ikon tsara kasuwarsu. Bambancin shi ne a can manyan masana'antu ne suka matsa sai da aka sakar musu. A Arewa ba masana'antar da za ta matsa. Abin da ya fi kowace doka tasiri shi ne faɗuwar farashi: tsakanin 2010 da 2020 kuɗin farantin hasken rana ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 a kasuwar duniya, ƙwan fitila na zamani mai cin wuta kaɗan ya yawaita, kayan Sin suka cika kasuwanni.

Katsewar 2023 ta hanzarta abin da ya riga ya kama hanya. Ta ɗauki fiye da wata bakwai: CEDEAO ta ɗage takunkumi a ranar 24 ga Fabrairu 2024, wutar ta dawo a watan Maris. A tsakanin nan gwamnati ta dogara ga tashar Goru Banda ta 2017, ta kuma fara aiki da tashar hasken rana mai megawat 30 a wuri guda a ƙarshen 2023, wadda ta biyo bayan ta Malbaza mai megawat 7 ta 2018. Mai hali kuwa bai jira ba. Wanda ya taɓa ganin an kashe masa fanka daga wata ƙasa saboda rigimar da ba shi ya tayar ba, ba sai an yi masa wa'azin wutar kai ba.

Abin da izni bai warware ba

A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi wa kanmu adalci. Iznin samar da wuta izni ne ga mai abin saye. Attajiri zai kafa faranti goma da batura masu ɗorewa, ya kunna firji da famfo. Manomi zai sayi ƙarami wanda bai wuce ƙwai biyu da cajin waya ba. Wanda ba ya da ko ɗaya zai ci gaba da sayen batirin tocila, wanda idan aka tara kuɗinsa na shekara ya fi hasken kowa tsada. Bugu da ƙari, idan masu iya biya suka yi ta janyewa daga layin hukuma, kuɗin shigar kamfani zai ragu, ƙarfinsa na ja da waya zuwa ƙauye ya ƙara raunana.

Akwai kuma batun inganci da sani. Kasuwa ta cika da farantan da abin da aka rubuta a jikinsu ya fi abin da suke bayarwa. Batirin darma ba ya shiri da zafinmu, ya kan mutu da wuri idan ana zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare, sa'an nan a yar da shi inda yara ke wasa alhali darma guba ce. Ƙurar hunturu tana rufe faranti ta rage ƙarfinsa idan ba a gogewa. Hayaƙin gurup da aka kunna cikin ɗaki a rufe yana kisa ba tare da wari ya faɗakar ba. A fadama kuma, famfon hasken rana ba ya cin kuɗin mai, don haka babu abin da zai tsawata wa mai shi ya kashe shi, ruwan kwari kuwa ba na mutum ɗaya ba ne.

Mafi nauyi duka shi ne wuraren da ba na kowa ba kuma na kowa: aji, ɗakin haihuwa, ma'ajin allurar rigakafi, ɗakin karatu. Kasuwa ba za ta haskaka su don kanta ba. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar BEPC a gidan da ba fitila yana gasa da ɗan'uwansa na birni a kan takarda ɗaya, amma darensu ba ɗaya ba ne.

Tarihinmu yana da abin koyi a kan wannan. A ƙasar Arewa rijiya ita ce ke kafa gari. Wanda ya gina ta ana tunawa da sunansa, zuriyarsa tana da girma a kanta, amma ba ya hana kowa sha, kuma idan ta cike gari ne yake taruwa ya yashe ta. Wutar kai ma tana iya ɗaukar wannan siffa: ƙaramar tasha ta unguwa ko ta ƙauye, wadda ƙungiyar mata ko ta manoma ko ta iyayen yara za ta mallaka, a sa mata kuɗin kulawa da kowa ya sani, a ware asusun sauya batir tun ranar farko, a horar da ɗan gari mai gyara. Yawancin na'urorin agaji da suka mutu a ƙauyukanmu ba rana ce ta gaza ba, rashin mai su ne. Abin da ake bukata daga hukuma shi ne ta sauƙaƙa wa irin waɗannan ƙananan tashoshi hanyar samun amincewa, ta tsare ingancin kayan da ke shigowa, ta kuma tsara yadda mai rarar wuta zai ba maƙwabcinsa ba tare da ya zama mai laifi ba.

Kammalawa

Mun ga yadda wuta ta tashi daga hannun gida ta koma hannun hukuma, hukuma ta aro ta daga maƙwabciya, sa'an nan larura ta mayar da ita gida ta hanyar inji da faranti. Wannan ba ya nufin a yi watsi da babban layi, domin masana'anta da asibiti babba ba za su rayu da farantin jinka ba, kuma Kandaji tana nan a matsayin bashi a wuyan ƙasa. Abin da tarihi ya nuna shi ne mutanen Dogon Dutsi da Tibiri ba su taɓa jiran izni ba kafin su hura wutarsu. Abin da ke neman kuɓuce musu shi ne ɗaya rabin tsohuwar ƙa'ida, wato haƙƙin maƙwabci a cikin wutar.

A nan malamai da ƙungiyoyin al'adu suke da rawar takawa. Su sanar da yara sunan Abdou Moumouni da aikinsa. Su samar da kalmomin wannan fasaha cikin Hausa, domin mai saye ya fahimci abin da yake saye, ya san yadda zai kula da shi. Su tattara tarihin baka na injin niƙa na farko da fitila ta farko a kowane gari tun dattawan da suka gani da idonsu suna raye. Kuma duk inda aka kafa faranti a makaranta, su tambaya tun kafin a watse daga bikin: wa zai goge shi, wa zai sayi batir na biyu?